Tsakanin Gwaji da Gwaji: Zamana da Maƙoshin Barrett

A takardar sakamakon da aka ba ni bayan an zura mini kyamara ta baki akwai wani ɗan gajeren layi: C2M4. Awo ne, irin wanda likitoci suka daidaita a kai tun 2006, suna kiransa da sunan birnin Firag. C2 na nufin santimita 2 na ƙarshen maƙoshina, daidai inda ya haɗu da tumbi, fatar cikinsa ta sauya zagaye guda. M4 kuwa na nufin wani ɓangare na sauyin ya miƙe sama har santimita 4. Maƙoshin babban mutum, wato bututun da abinci ke bi daga wuya zuwa tumbi, tsawonsa wajen santimita 25 ne. Huɗun ƙarshen nan su suka sa sunana a jerin mutanen da asibiti ke kira duk bayan 'yan shekaru a leƙa cikinsu, ko da lafiyarsu ƙalau.

Sunan abin maƙoshin Barrett. Ba kansa ba ce, kuma a wurin mafi yawanmu ba zai taɓa zama kansa ba. Sai dai a kan irin wannan fatar ce wani nau'in kansar maƙoshi ke tsirowa, shi ya sa ba a sallamar mutum. Ba a kwantar da kai, ba a yi maka tiyata, ba a kuma ce ka warke. A ba ka ƙwaya ɗaya ta safe, a ce sai nan da shekara uku. Abin da ke faruwa a cikin shekara ukun nan nake son in rubuta, don shi ne ban taɓa gani ba a 'yan takardun bayanin da asibiti ke rabawa.

Asalin abin ƙwannafi ne. Wanda ya san shi ya san shi: zafi a bayan ƙashin ƙirji, ruwa mai tsami ya taso har wuya cikin dare, ka farka kana tari, da safe murya ta dushe. Na yi shekaru masu yawa a haka, da maganin tsotsa a aljihu, wani a mota, wani a tebur a wurin aiki. A ƙarshen maƙoshi akwai zoben tsoka da ya kamata ya rufe bayan abinci ya wuce. Nawa ba ya rufewa sosai, ga shi saman tumbina ya ɗan zame sama ta ƙofar tantanin da ya raba ƙirji da ciki, abin da ake samu a yawancin masu Barrett. Don haka asid ɗin tumbi, wani sa'in har da ruwan maɗaciya, kullum yana wanke wurin da ba a halicce shi don jure asid ba. Yau da gobe sai fatar wurin ta canja, ta koma irin ta hanji mai juriya, kamar yadda tafin hannun mai aikin ƙarfi ke yin kanta. A kyamara bambancin a fili yake: fatar asali fara-fara ce mai santsi, sabuwar kuwa ja ce, ta hau sama tsiri-tsiri. Abin da ke ruɗa mutane shi ne sabuwar fatar ba ta jin zafin asid sosai, sai wasu su ga ƙwannafin ya lafa daidai lokacin da sauyin ya kankama. Nawa ma ya ɗan lafa. Likitan da nake gani ne ya duba shekaruna, na haura hamsin, ya duba daɗewar ƙwannafin, ya kalli teɓar da na ajiye, ya ce gara a leƙa.

An gaya mini abin da aka gani ne a ɗakin hutawa, ban gama wartsakewa daga allurar da aka yi mini ba. Allurar nan, midazolam, aikinta ke nan, ta kwantar da hankali ta kuma share abin da ya faru daga ƙwaƙwalwa. Likita ya tsaya a gefen gado ya yi magana ta 'yan mintuna. Cikin duk abin da ya faɗa, abu ɗaya ne ya maƙale mini: kansa. Uwargida tana wurin, ita kuma abin da ta riƙe shi ne "ba abin tayar da hankali ba ne". Muka koma gida da labari biyu, kowa na ganin ɗan'uwansa ne bai saurara da kyau ba. Ban ga laifin likitan ba, akwai layin mutane a bayana suna jiran nasu. Amma har gobe ina ganin babu lokacin da ya kai wannan rashin dacewa da irin wannan magana. Kamata ya yi a sa wa mutum rana ta daban, yana zaune a kujera cikin tufafinsa, da takarda da biro a hannu, a zana masa maƙoshin a nuna masa inda abin yake.

Daren ranar na yi abin da kowa ke yi, na ɗauki waya. Intanet ba ta raba Barrett da kansar maƙoshi; ka rubuta na farko, kafin layi na uku ta kai ka ga na biyu. Alƙaluman kansar maƙoshi kuwa ba su da daɗin karatu. Cikin mutum biyar da aka gano suna da ita, da ƙyar ɗaya ke kai shekara biyar, saboda akasari ba a gano ta sai ta fara toshe hanyar abinci. Da wannan adadin na riƙa kwana ina tashi, alhali na wasu ne.

Nawa daban yake. A 2011 masu bincike a Denmak sun fitar da sakamakon bin diddigin mutum 11,028 masu Barrett a duk faɗin ƙasar, suka samu cewa kashi 0.12 cikin 100 ne ke kamuwa da kansar a shekara, wato mutum ɗaya cikin 800 da 'yan kai. Wasu binciken sukan ba da adadin da ya ɗan ɗara haka, an fi ambaton 3 cikin 1,000 a shekara ga wanda ƙwayoyin fatarsa ba su fara lalacewa ba. Na ɗauki mafi munin biyun na lissafa wa kaina shekara ashirin, ya ba ni kusan 6 cikin 100. Shida ba sifiri ba ne, kuma ban yarda da masu cewa ai ba komai ba ne. To amma sauran 94 ɗin fa? Yawancin masu Barrett wani abu ne daban ke zama ajalinsu, ciwon zuciya kuma shi ne kan gaba. Da na koma wurin likita da tambayoyina a rubuce, ya amsa su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ɗaura mini abin awon jini a dantse, ya duba, ya ce, "Malam, wannan ya fi ba ni tsoro a kanka a kan maƙoshin."

Ashe tsoron da ya wuce kima ba nawa ba ne ni kaɗai. A 2005 wani likita a Amurka, Nicholas Shaheen, da abokan aikinsa sun tambayi masu Barrett da ke zuwa gwaji akai-akai su ƙiyasta haɗarinsu na shekara guda. Kashi 68 cikin 100 sun zarce gaskiya, matsakaicin ƙiyasinsu kuwa ya haura 13 cikin 100, ninkin ba ninkin abin da yake. Kuma waɗannan mutane ne da ke hannun ƙwararru. Ni ban yi mamaki ba. Baki na ce maka haɗarin kaɗan ne, hannu kuma na rubuta maka ranar da za ka dawo a sake zura bututu a ɗebi tsoka. Wanne zuciya za ta gaskata? In ba abin tsoro ba ne, me ake ta nema? Sa idon da aka shirya don ya kare mu, shi ne kuma ke tuna mana kullum cewa akwai abin da ake jira.

Shi Barrett ɗin da ake kiranmu da sunansa, Norman Barrett, likitan tiyata ne haifaffen Ostareliya da ya yi aiki a asibitin St Thomas a Landan. A rubutunsa na 1950 cewa ya yi jan wurin nan tumbi ne da aka jawo sama cikin ƙirji. Wasu likitoci biyu, Allison da Johnstone, suka nuna a 1953 cewa maƙoshi ne ya canja fata, shi ma ya sallama a 1957, amma sunansa ne ya bi abin. Nakan tuna wannan duk sanda wani ya yi mini magana a kan larurar nan kamar an gama saninta.

Shi gwajin bai fi minti goma sha biyar zuwa ashirin ba, sai dai yana fara cin mutum tun ana saura mako. Awa shida ba ci. Ana ba ka zaɓi: allurar kwantar da hankali, wadda in an yi maka sai an raka ka gida kuma ba tuƙi har kwana guda, ko feshin kashe maƙogwaro kawai. Bayan na farko na koma zaɓar feshin, don ina son in ji abin da ake faɗa a kaina in kuma tuna shi. Feshin ɗaci gare shi. Cikin minti guda ka ji wuyanka ya yi kauri, kana haɗiyar yawu ba ka jin wucewarsa. A kwantar da kai ta gefen hagu, a sa maka zoben roba tsakanin haƙora. Bututun baƙi ne, kaurinsa wajen santimita ɗaya, da fitila a bakinsa. Daƙiƙun farko su ne masu wuya, lokacin da zai wuce bayan harshe: jiki ya ƙi, ka yi yunƙurin amai, hawaye su zubo ba tare da kuka ba. Nas ɗin da ke riƙe da kaina ta sunkuyo ta ce, "Baba, ja numfashi ta hanci, a hankali, hanyar iska a buɗe take." Gaskiyarta, a buɗe take, jiki ne kawai bai yarda ba. Suna hura iska don wurin ya buɗe su gani, sai ka yi ta gyatsa mai ƙara, yawu na bin gefen baki, kuma duk ɗakin ba wanda abin ya dama sai kai.

Sai a zo ɗibar tsoka. Ana zura wata siririyar waya mai ɗan baki ta cikin bututun. Likita ya ce "buɗe", mataimakinsa ya buɗe, ya ce "rufe", sai ka ji an ɗan fizgi wani abu can ƙasan ƙirji. Ba zafi, fizga ce kawai, amma a wurin da ba ka taɓa sanin kana ji ba. Ƙa'idar, wadda ake kira tsarin Siyatil, ita ce a fara da duk wani ƙullutu ko tabo da ido ya gani, sannan a ɗiba daga kusurwa huɗu a kowane santimita 2 na wurin da ya sauya. Ga mai santimita 4 irina, wajen takwas ke nan, kuma ina kwance ina ƙirgawa. Dalilin yawan shi ne lalacewar ba ta bin wurin gaba ɗaya, tana iya ɓuya a ɗan gurbi, ga shi kowace ɗiba 'yar milimita biyu ko uku ce. Ko an bi ƙa'idar sau da ƙafa, kaɗan ne daga fatar ke isa ɗakin gwaji. Saboda haka idon mai riƙe da kyamarar da natsuwarsa suna da nauyi ƙwarai; shawarar da ake ba su ita ce kowane santimita ya samu aƙalla minti guda na kallo. Ni da nake kwance ina addu'ar a gama, dole na koyi son likitan da ba ya sauri.

Daga nan sai jiran sakamako, makonni, kana zabura duk sanda baƙuwar lamba ta kira. Abin da ake nema a ƙarƙashin madubin ƙara girma sunansa disfileshiya, wato ƙwayoyin fatar sun fara fita daga tsari amma ba su kai ga zama kansa ba. Hawa-hawa ne: babu, ƙarama, babba, sannan kansa ta farko-farko. Akwai kuma wani gurbi da ban san da shi ba sai da na faɗa ciki, wanda ake rubuta wa "ba a iya tantancewa ba". A wani zagaye haka nawa ya fito. Bayanin shi ne asid ya sa wurin ya yi kumburi, ƙwayoyin da ke ƙoƙarin warkewa daga kumburi kuwa suna kama da waɗanda suka fara lalacewa, har mai dubawa ya kasa rantsewa. Aka ninka mini magani, safe da yamma, aka ce in dawo bayan wata shida a sake.

Da rana ina aikina, ina dariya da mutane, ba wanda zai ce akwai wani abu. Dare ne matsalar. Wajen ƙarfe uku duk lissafin 94 cikin 100 ba ya aiki, don yanzu ban san layin da nake ciki ba. A watannin nan ne na tattara takardun gida da na banki wuri guda, na nuna wa uwargida inda suke, na ce mata gyara ne kawai nake yi. Ta ce to, ba ta tambaye ni komai ba, ni ma ban ƙara ba. Yara ba su sani ba sai bayan an sake gwajin ya fito babu komai. Alhamdu lillahi. Amma na fito daga watannin da wani abu da ban shiga da shi ba, wato sanin cewa takardar ɗakin gwaji ra'ayin mutum ce da ya kalli gilashi. A Holan an taɓa tattara gilasan mutum 293 da aka ce suna da ƙaramar disfileshiya aka ba ƙwararru su sake dubawa. A sakamakon da aka buga a 2015, kashi 73 cikin 100 an sauko da su ƙasa. Shi ya sa ƙa'ida ta ce sai likitan gwaji na biyu ya tabbatar. Duk wanda aka ce masa yana da ita, tambayarsa ta farko ita ce, mutum nawa suka duba?

Abin da ya riƙe ni a lokacin shi ne sanin cewa ko ta tabbata, akwai abin yi kafin a kai ga wuƙa. A da, in lalacewar ta kai babba, yanke maƙoshin ake yi a jawo tumbi sama a haɗa, tiyata mai nauyin gaske. Yanzu ta cikin bututun nan dai ake ɗauke ƙullutun, a ƙone sauran jan fatar da zafin igiyar rediyo, fatar asali ta sake tohowa a wurin. A wani gwaji da aka yi a Turai aka buga a 2014, mai mutum 136 da aka tabbatar suna da ƙaramar disfileshiya, waɗanda aka ƙone wa kashi 1.5 cikin 100 ne abin ya ci gaba a cikin shekara uku, waɗanda aka bari ana kallo kuwa kashi 26.5. Na ce, "To Likita, me zai hana a ƙone nawa yanzu kowa ya huta?" Ya ce ga wanda ba shi da disfileshiya haɗarin ya yi ƙanƙanta, ƙunar na iya sa maƙoshi ya tsuke, Barrett ɗin na iya dawowa, kuma ko an ƙone ba a daina leƙawa. Hankalina ya karɓa nan take, zuciyata ce ta ɗan jima tana gardama.

Sauran zaman ƙananan abubuwa ne. Ƙwayar omefirazol, maganin rage asid, rabin awa kafin karin kumallo, don tana kama famfunan asid ne lokacin da abinci ya tayar da su. Wanda ya sha ta bayan ya ƙoshi ya rage mata ƙarfi. An ɗaga ƙafafun gadona ta wajen kai da santimita 15, saboda tara matashin kai lanƙwasa mutum kawai yake yi ya ƙara matse ciki. Kwanciya ta hagu. Awa uku tsakanin cin dare da barci, dokar da ta fi wuyar kiyayewa in ana tafiya. Jerin abubuwan da ake cewa a guje wa dogo ne, kofi, maiƙo, yaji, cakulan, lemo mai gas, amma kowa da nasa. Ni maiƙo ne da cika ciki, ɗan kofi ba ya yi mini komai. Na rage teɓa, na sassauta bel. Ba ɗaya cikin waɗannan da ke mayar da fatar yadda take a da. Suna rage ɓarna ne, su bar mutum ya yi barci.

Faɗa wa mutane shi ma aiki ne. In ka ambaci kansa, ko ka sa "ba" gaba da baya, sai fuska ta canja, a fara yi maka magana a hankali, washegari wani ya kira yana "ashe abin da ya faru ke nan, Allah ya sawwaƙe". In ka ce ƙwannafi ne ya yi yawa, a ce ai kowa ma na yi. Na gaji da neman tsakiya, na rage faɗa. A wurin aiki mutum ɗaya ne ya sani, mai sa hannu a takardar hutuna. Sai kuma masu turo saƙo a waya cewa maganin asid na kashe ƙoda yana cinye ƙashi, in daina sha. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki: shan sa shekara da shekaru na iya rage magniziyam da bitamin B12 a jiki, an kuma danganta shi da karayar ƙashi da ciwon ƙoda, ko da yake dangantawa daban, haddasawa daban. Shi ya sa ake duba jinina lokaci-lokaci. Amma masu turo saƙon ba sa turo ɗaya gefen. A 2018 mujallar Lancet ta buga gwajin AspECT, mutum 2,557 masu Barrett da aka bi kusan shekara tara: waɗanda suka sha esomefirazol (ɗan'uwan omefirazol) mai yawa sun fi masu shan kaɗan tsira in aka haɗa mutuwa da kansa da babbar disfileshiya, ƙara asfirin a kai kuma ya ɗan ƙara amfani. Asfirin dai ba abin da mutum zai fara ba likita bai sani ba, yana jawo zubar jini a ciki.

A gida ba a maganar, amma tana nan. In na ƙware ina cin abinci, ko na tsaya na dafe ƙirji, sai cokula su tsaya. Uwargida ruwa kawai take miƙo mini, sai dai ina ganin idonta na bin lomar har ta wuce. Babbar 'yata ta fi ta fitowa fili: "Abba, ya wuce ko ya tsaya?" Ni ma tambayar da nake yi wa kaina ke nan. Wanda aka gaya wa cewa wahalar haɗiya ce alamar farko, ya daina haɗiya ba tare da saurare ba. Abin da ya rage mini wannan shi ne likita ya ƙayyade mini abubuwan da in na gan su ba jiran ranar gwaji: abinci ya riƙa tsayawa da gaske, musamman mai tauri, kuma abin na ƙaruwa, rama ba dalili, aman jini, bayan gida baƙi ƙirin mai danƙo, ko gwaji ya nuna jini ya yi ƙasa. Abin da ba ya cikin waɗannan, in ya zo sau ɗaya ya tafi, na koyi in ƙyale shi.

Wani abu kuma, kiran asibiti mutane ne ke riƙe da shi, shekara uku kuma tana da tsawo. Ma'aikata na canjawa, kwamfuta na canjawa. An taɓa wuce lokacina shiru, sai da na bi da kaina. Tun daga nan nake ajiye kwafin kowane sakamako a jaka guda: awon C da M, yawan tsokar da aka ɗiba, abin da ɗakin gwaji ya ce, da shekarar da ya kamata in koma. Tazarar ma tsawon wurin ne ke yanke ta. Ƙa'idar likitocin Birtaniya ta 2014 ta ce ƙasa da santimita 3 duk shekara 3 zuwa 5, daga 3 zuwa sama duk shekara 2 zuwa 3. Ta Amurka ta 2022 ta ce 5 ga gajere, 3 ga dogo.

A 2025 aka buga sakamakon wani gwaji da ya taɓa ni fiye da yadda na zata. Sunansa BOSS, an yi shi a Birtaniya da mutum sama da 3,400 masu Barrett. Aka raba su biyu, rabi a leƙa duk shekara biyu, rabi sai in wata alama ta taso, aka bi su sama da shekara goma. Ba a ga bambanci a yawan mace-mace tsakanin ɓangarorin ba, kansar kuma wajen 2 cikin 100 ta kama duka-duka. Haushi na fara ji. Duk yunƙurin aman nan, duk ƙirgar "buɗe, rufe", duk rashin barcin, a banza? Da na huce na ga abin bai kai haka sauƙi ba. Da yawa daga cikin rabi na biyu su ma an zura musu kyamarar a wani lokaci, kuma dalilin da ya sa bambanci ya yi wuyar gani shi ne kansar ba ta cika zuwa ba, wanda labari ne mai daɗi ga irina. Ni dai zan ci gaba da zuwa, saboda nawa dogo ne kuma ya taɓa ba da sakamako mai shakku. Amma dattijon da ya haura saba'in da biyar, nasa santimita ɗaya ko biyu, ga ciwon zuciya, in ya zauna da likitansa suka ce ya isa haka, ban ga wanda zai ce ya yi ganganci ba. Kuma in har amfanin kyamarar bai kai yadda muka ɗauka ba, to rabin awar da za a zauna a yi wa mutum bayani ta ƙara daraja, ga shi ita ce aka fi yi wa rowa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai yanzu ma ya wuce kaina. Sama da kashi 90 cikin 100 na waɗanda ake ganowa da wannan nau'in kansar ba a taɓa sanin suna da Barrett ba. Mu da ke cikin jerin mu ke kwana da tsoro, alhali yawancin waɗanda abin zai samu suna waje, suna tsotsar maganin ƙwannafi ba wanda ya taɓa leƙa su. An san siffarsu: galibi maza, sun haura hamsin, ƙwannafi ya daɗe, ga teɓa, ga taba, ko akwai mai shi a dangi. An fi samunsa a Turawa a kan baƙar fata, amma ga ni nan. Don irinsu ne Farfesa Rebecca Fitzgerald da abokan aikinta a Jami'ar Kambirij suka ƙirƙiro Cytosponge, ƙwaya ce ɗaure da zare, ka haɗiye ta, ta narke a tumbi cikin 'yan mintuna, ɗan soson da ke ciki ya buɗe, nas ta jawo shi ya kankaro ƙwayoyin maƙoshi a hanyarsa ta fitowa. A gwajin da aka buga a 2020, an gano masu Barrett kusan ninki goma a inda aka yi tayin ta, in aka kwatanta da inda aka bar abin yadda aka saba.

Yayana ya ɗan girme ni, teɓarsa ta fi tawa, ya sha taba har ya gaji ya bari, kuma tun muna samari nake ganin kwalbar farin maganin ƙwannafi a gefen gadonsa. Yanzu ga shi da ƙane mai Barrett, wanda shi ma dalili ne a lissafin likitoci. Shi ke kirana duk sanda gwajina ya matso: "To ya jikin? Ka kwantar da hankalinka, Allah zai ba da sa'a." Na ce, "Yaya, ni an san abin da ke cikin nawa. Naka fa?" Ya yi dariya, ya ce shi ba ya neman abin da bai neme shi ba. Na yi masa bayanin feshin, na ce in yana tsoron bututun akwai allura, ba zai ma tuna an yi ba, kuma ni zan raka shi in dawo da shi gida. Ya ce zai duba. Matarsa ce ta kira ni daga baya ta karɓi sunan gwajin da abin da za a ce wa likita. Ta ce in bar mata shi, ta san ranar da za ta tayar da maganar.